Hanyar Shanun da Riskuwa Ta Gada

Ni ne mai riƙe igiya a Gulma. In an yi rasuwa, malamai suka gama lissafin gado a zaure, ni ake kira in je gona in auna wa kowa rabonsa. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan aiki, kuma ba abin da ya ƙara mini sai ciwon baya da sanin halin mutane. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan taki guda na ƙasa. A duk waɗanda na auna wa, mutum ɗaya ce na ga ta gaji abin da bai taɓa ba ta ko mudun hatsi ba, kuma ta riƙe shi hannu bibbiyu. Ita ce Riskuwa, taubashiyata, 'yar kawuna Tamba.

Kawu Tamba yana da fadama mai kyau a bakin gulbi, shinkafa da damina, albasa da rani. A gefenta na gabas akwai wani zirin ƙasa mai faɗin taki goma sha biyu, daga tudu har bakin ruwa, wanda bai taɓa sa wa hauya ba. Ta nan shanun Fulani suke sauka su sha ruwa da rani. Mutane suna ce masa ya yi wauta, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, dabba ba ta da bakin roƙo. Kuma tun yana saurayi ya ga an ɗauko gawar mutum daga wata gonar albasa saboda shanu sun rasa hanya sun faɗa ciki, rikici ya ɓarke, abin bai bar ransa ba.

Shekarar da aka yi Jihar Sakkwato ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya tara 'ya'yansa a gona, da liman da shaidu biyu, da ni da igiyata. Liman ya ba shi shawara ya bar hanyar sadaka ga jama'a. Kawu ya girgiza kai, ya ce burtalin gari ma ai na jama'a ne, ina yake yau? An cinye shi kaɗan-kaɗan don ba shi da mai yi masa faɗa.

"Hodi, aza igiyakka nan," in ji shi. "Hanyag ga ta Riskuwa ta. Kyauta, ina da raina, kowa shi shaida. Sauran gona in na mutu ku raba yadda Allah yac ce."

Kalilu, babban ɗansa, ya kasa haɗiyewa. "Baba, bakin gulbi za ka ba mace? Wadda ka zamne Birnin Kebbi?"

"Kai kana da hauya," in ji Kawu. "Ita ba ta da ita. Shi na dalili."

Liman ya ce kyauta ba ta tabbata sai an karɓa. Riskuwa ta tuɓe takalmi ta taka hanyar daga sama har ƙasa, ta dasa gamba a iyaka da hannunta. Ina tsokanarta a hanyar gida, na ce yau taubashiyata ta zama mai gona, ta tanadi rumbu don zuba kashin shanu. Ta ce in na ji yunwa in zo ta auna mini. Kafin damina ta zagayo Kawu ya rasu.

Rayuwarta a Birnin Kebbi ba wata mai daɗi ba ce. Tana unguwar Nasarawa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, Abdussamadu da Sakinatu. Sana'arta turara shinkafa. Ta jiƙa, ta ɗora a wuta, ta shanya, ta kai inji, ta sayar. Hayaƙi ya cinye mata ido tun ba ta tsufa ba. Amma duk shekara, da zarar ruwa ya janye daga fadama, sai ta rufe tukwanenta ta hau akori-kura zuwa Argungu, daga nan ta nemi wata motar zuwa Gulma. Ba ta ko shan ruwa sai ta aiko a kira ni.

Abin da muke tararwa kusan iri ɗaya ne kullum. Gambar iyaka ta matsa. Kalilu ya ce ambaliya ce ta tumɓuke ta, shi dai ya taimaka ya sake dasawa. Ambaliyar nan kuwa mai hankali ce, ba ta taɓa kuskuren matsar da gamba cikin gonar Kalilu ba. Sai in shimfiɗa igiya, Riskuwa ta duƙa ta tone, ta mayar da gamba mazauninta, ita da yayanta ana ta musayar baƙaƙen maganganu. Wata shekara ta ci nasara, wata shekara dattawa su taru su ce ta yi haƙuri, zumunci ya fi ƙasa. Dattawan nan ban taɓa jin sun ce wa Kalilu ya yi haƙuri ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da injin ban-ruwa ya shigo fadama, sai ƙasar bakin gulbi ta yi daraja. Masu son saye suka yi ta sallama a ƙofarta a Nasarawa. A shekarar da ɗakinta ya zube da damina, ni da kaina na ce mata ta sayar ta huta. Ta dube ni da jajayen idanun nan nata.

"Kai ma, Hodi? To in na saida, ranar da na ishe Baba mi za ni ce mai?"

Ban sake yi mata maganar ba. Ta kwana biyu a ɗakin maƙwabta har ta samu ta ɗaga bangon.

Shekara goma sha uku tana wannan zirga-zirga. Kalilu bai ƙara cin tuwonta ba, bai je bikin Sakinatu ba. Fulanin da take yi dominsu ma yawancinsu ba su san sunanta ba, sun dai san akwai hanya. Taki goma sha biyun nan kuwa, tsakanin ambaliyar Kalilu da haƙurin dattawa, ya koma tara.

Bara da kaka, maimakon ta zo, sai ta aiko in je. Na same ta kwance a kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, tukwanen shinkafa a kife a tsakar gida. Na ce yau kuma mai gona ta yi lalaci. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta natsa na ce mata ta yi abin da Kawu ya yi, ta ba Sakinatu hanyar tun tana da rai, don kowa ya san Abdussamadu sayarwa zai yi. Yaro ne mai kirki, amma ɗan birni ne, aikin ofis yake yi, bai ga dalilin ajiye ƙasa don shanun wasu ba.

"A'a," ta ce. "Baba ya ba ni, na rasa ɗan uwa. Ba ni barma ɗiyana wagga gaba. Kowa shi amshi haƙƙinai." Ta juyo ta dube ni. "Abu guda ni ka roƙonka. In ka zaka da igiya, kak ka yanke ta gicciye. Tsaga ta tsaye, daga tudu har ruwa."

Na gane nufinta. In aka yanka a gicciye, ɗaya ya ɗauki sama ɗaya ƙasa, ranar da ɗayansu ya sayar hanya ta mutu. In aka tsaga a tsaye, rabon Sakinatu zai fita siriri, amma zai kai gulbi. Wata ɗaya bayan wannan ta rasu.

Ranar rabo Abdussamadu ya nemi a ba shi ɓangaren bakin ruwa, don Kalilu ya riga ya yi masa tayi. Na faɗi wasiyyar uwarsa. Liman ya ce tsagin tsaye ma ya fi adalci, kowa ya samu ruwa ya samu tudu. Yaron ya ɗaga kafaɗa ya ce a yi yadda Inna ta so. Na auna masa taki shida, na auna wa Sakinatu uku. Tana tsaye da goyo, ta zo daga Argungu inda take aure, ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana so.

"Kawu Hodi, mi za ni yi da taki ukku?"

Na ce ba komi, sai dai ta zo duk shekara ta duba gamba. Ta daɗe tana kallon zirin. Sannan ta gyara goyonta, ta duƙa ta fara dasawa.

Bana da rani na je na tsaya a tudu. Takin nan shida sun zama fangalin albasa, Kalilu ya saye ya kewaye da ƙaya. Shanu suna sauka ɗai-ɗai, ƙahonsu na gogar shinge, makiyayi yana gaba yana ta lallashinsu. Garken da a da yake wucewa kafin ka gama alwala, ranar sai da ya ci rabin hantsi. Amma sun sha ruwa.

Ina nan tsaye sai na tuna 'ya'yan Sakinatu huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Hali ba ya barin mai shi, sai na fara raba taki uku gida bakwai a zuciyata. Rabon yarinyar bai fi tsawon takalmina ba.