Daƙuwar Garifalya Daga Saman Bene

Har gobe in ka zauna a rumfar gahawa ta bakin ruwa a tsibirinmu, za a ce maka Garifalya 'yar leƙen asiri ce ta gaske, wai ƙasashe uku take yi wa aiki lokaci guda, kuma da tafin hannu ta tsayar da jirgin yaƙi a tsakiyar teku har ya juya ya koma gida. Wasu ma cewa suke jarumin fim ya durƙusa yana kuka ta aure shi, ta ce ya yi haƙuri, wake na kan wuta. Duk shaci-faɗi ne. Garifalya 'yar kawuna ce, tarun masunta take ɗinkewa tun tana ƙarama, kuma jirgin da ta taɓa tsayarwa bai wuce kwalekwalen mijin yayarta ba.

Gaskiyar maganar daga Menelawos dillalin kifi ta faro. Ya sa mata zobe, ta gama ɗinkin kayan ɗaki har da su labule, sai ya waiga ya ga 'yar mai kantin magani tana da gonar zaitun. Ya auri gonar. Limamin cocinmu, Papa Nikandros, ya sa Garifalya ta yi alkawarin ba za ta tanka masa ba, ta kuwa riƙe bakinta shekara da shekaru. Matan gari suka sa mata suna "abar tausayi", sunan da ya fi gishiri a miki yi mata zafi.

Ana nan sai ga 'yan fim daga Ingila, a shekarun sittin, sun zo Girka ɗaukar labarin wani ɗan leƙen asiri mai kwat da taba. Suka ɗebi kowa aiki, har jakin liman sai da ya samu. Suna neman macen da za ta tsaya a barandar bene ta yi wa jarumin alama cewa jirgi zai tashi ƙarfe biyar. Daraktan, wani dogo mai jan wuya, ya ga Garifalya a gindin taru tana harare-harare, ya ce ga fuskar da yake nema. A ranar ba ta taka ƙasa ba. Sau ɗaya dai a rayuwa gari zai ɗaga kai ya dube ta, ba don tausayi ba.

Ranar ɗauka aka tara mutanen gari kaf a bakin ruwa, ga liman a gaba da gemunsa. Darakta ya nuna mata alamar. Ya ware yatsu biyar, ya miƙo tafin hannu, cas, a fuskarta.

 Wata tsohuwa ta tofa yawu a ƙirjinta don tsari.

"Kai, Timoleyon," in ji Garifalya ga mai yi wa darakta fassara, "tambaye shi me uwata ta yi masa."

"Ba daƙuwa ba ce, Garifalya, biyar yake nufi. Su haka suke ƙirga."

"To ya ƙirga a gidansu. Ni haka zan yi." Ta juyo tafin wajen kanta, yadda ɗan mutunci ke nuna biyar.

Darakta ya ce sam, bayan hannu ba ya ɗaukar haske. Ko ta miƙo tafin, ko a hau da matar magajin gari, wadda tun safe take tsaye a gefe da hoda kamar an tsoma ta a buhun fulawa. Garifalya ta leƙa ƙasa. In ta yi, ta zagi liman da gari baki ɗaya, gobe babu mai kawo mata taru. In ta ƙi, ta sauko da sunanta na da. Can sai idonta ya faɗa kan Menelawos a bayan taro, ya sha kwat ɗin aurensa, yana ɗage don kyamara ta gan shi.

"Timoleyon, ce masa zan yi. Amma a matsar da liman da jama'a gefe, a kawo mini wancan mai tumbin ya tsaya daf da jarumi. Ina son fuskar da na sani, kada hannuna ya yi rawa."

Aka kira Menelawos. Ya taho yana rangaji, yana ce wa mutane, "Ku ba da hanya, masu ido sun gane mutum." Sai da aka tsayar da shi shi kaɗai bayan jarumin, ya ɗaga kai, sannan murmushinsa ya bushe.

Garifalya ta dubi liman. "Baba, alkawarin baki na yi, ko?"

Papa Nikandros ya shafa gemu, ya juya yana kallon teku. "Ni jirage nake dubawa, 'yata."

Aka ce a fara. Jama'a, ban taɓa ganin daƙuwa irin wannan ba. Tun daga ƙafa ta taso, ta bi ta kafaɗa, ta fito da iskar da ta ɗaga hular Menelawos. Tantabaru suka watse. Darakta ya yi tsalle yana ihu wai bai taɓa ganin biyar mai rai haka ba, a sake! Aka sake, aka kuma sakewa, har rana ta karkata, Menelawos na tsaye yana karɓa, ba damar motsi domin an ce wanda ya motsa ya fita daga fim. Mata suna toshe baki da gyale, maza suna faɗawa ruwa don dariya. Da ta sauko, a kafaɗa aka kai ta gida, kuma daga ranar babu bakin da ya ƙara ce mata abar tausayi.

Yanzu ta tsufa, tana zaune ƙofar gida da allurarta. Kwanan baya na tsaya na ce, "Sarauniyar fim! Duk wannan suna, ashe da aka haska ƙiftawar ido biyu kika yi, rabin fuskar ma tukunyar fure ta rufe."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai fa, ɗan goggo? Gawa aka ce ka yi a fim ɗin, ka kwanta kada ka tsinana komai, sana'arka tun haihuwa. Shi ma sai da aka kore ka saboda munshari."