Ranar da aka kawo mini na'urar rediyo

Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Malamar da ke haya a gidana ita ke rubuta wannan, ni ina faɗa, in kuka ya tare ni ta jira.

'Yata ta fari ta tsaya takarar konseye, wato kansila, a ƙaramar hukumarmu, nan wajen Gangara. Man gyada take yi, kuma ita ke tara mata in an kira taro. Burinta a samu ɗakin haihuwa kusa, a daina ɗora masu naƙuda kan amalanke.

A lokacin kamfe wani ɗan jarida na rediyon Tanut ya yi sallama. Ya ce an kai su Damagaram an koya musu cewa in zaɓe ya zo su bai wa mata magana kamar maza. Ya riga ya ɗauki muryarta, yanzu tawa yake so.

Ya miƙo na'urar dab da bakina. "Inna, faɗa wa jama'a sunan 'yarki da irin halinta."

Wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. Kakarta ce ta goye ta. Ita ma Yaya take ce mini. Na ja mayafi na rufe baki.

Ya yi dariya. "Haba Inna, duk ƙasar Damargu na sauraro!"

Na ce, "Ɗana, ni ban san komai a kanta ba. Tambayi mutane."

'Yata tana tsaye bakin murhu. Ta ce, "Ƙyale Yaya, kunya ce."

Ya saka maganar a rediyo yadda na faɗe ta. Ban ce da mugunta ya yi ba, yaro ne tashin birni. Kafin kasuwa ta zagayo, 'yan ɗaya jam'iyyar suna yawo da ita a bakinsu: matar da uwarta ba ta san ta ba, ku za ku sani? Tsofaffi sun gane nufina, amma ba su ne ke ihu a kan mota ba.

Ba ta samu kujerar ba. Ba ta taɓa yi mini zancen ba, ko sau ɗaya. Kullum da hantsi ta aiko mini da fura, kamar da. Damina biyu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ta. Mijina ya riga ta da shekaru, babu wanda zan faɗa wa abin da ke cina.

Da wani zaɓen ya zo, na ga ɗan jaridar a kasuwa. Na riƙe hannun rigarsa na ce ya kawo na'urar, yanzu zan faɗa, da sunan da halin duka.

Ya sunkuyar da kai. "Inna, Allah ya jiƙanta. Amma filin na masu takara ne."

Na sake shi, na dawo gida.