Kujerar Yaya Haruna a Zaure

Ranar Talata ce. Na yi asuba, na sauko daga bene na kunna hita, don tsofaffi ba sa son su shigo su tarar da sanyi. An sake tofa kaki a jikin ƙofar gaba. Na wanke. Wannan ba sabon abu ba ne. Matata Asabe tana kicin tana feraye dankali, rediyonta na magana ƙasa-ƙasa.

Gidan na Yahudawa ne, a wani lungu bayan kasuwar Lewisham. Ba masu kuɗin nan da mutanenmu ke zato ba. Tsofaffi ne da 'ya'yansu suka koma arewacin London suka bar su. Tsofaffin teloli, masu gyaran agogo, matan da mazansu suka mutu. Suna zuwa su ci abincin rana mai zafi, su yi musu, su koma gida. Ni ne mai gadi, ni ne mai shara, ni ne mai gyaran famfo. Flat ɗin sama aka ba mu. Na zo ƙasar nan direban wani ma'aikacin gwamnati, ya koma gida, ni na tsaya. Karatuna bai wuce firamare ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara da kansa.

Wata ƙungiyar agaji tasu ce ke riƙe da gidan. Duk shekara kwamiti ya zauna ya ba da grant, wato kuɗin tallafi. Daga ciki ake sayen abinci, daga ciki ake biya na. Da aka fasa mana taga aka zana alamar 'yan Nazi a bango, sai suka ƙara wani tallafin, na tsaro. Aka sa sandunan ƙarfe a kowace taga. Aka sa ƙofar ƙarfe a baya, mai makulli sama da ƙasa. Mutumin da ya zo awo da kansa ya ce a sa akwatin ƙarfe a bayan kafar da ake zuro wasiƙa, don duk abin da aka zuro ya tsaya a ciki. Aka manta da shi a lissafi. Madam Rut, mai kula da gidan, ta so ta saya daga kuɗin cefane. Aka ce a'a, na abinci daban, na tsaro daban, sai kwamiti ya sake zama. Ta yi waya har ta gaji. Yau an soke zaman, gobe wani ya tafi hutu. Akwati ɗaya fa.

Cikin tsofaffin akwai Haruna. Da harshensu ba haka ake faɗa ba, amma ran da ya ji sunana Musa sai ya ce a littafinsu da namu duka Haruna ne babba, don haka in riƙa girmama shi. Tun daga nan nake ce masa Yaya, shi kuma ya ce ƙanena. Tela ne. Akwai lambobin fursuna da aka zana masa a damtse, tun lokacin yaƙin Jamus. Bai taɓa ba ni labarin ba, ban taɓa tambaya ba. Ran da aka gama sa sandunan, ya tsaya a bakin falo ya dube su. Ya ce, “Na gama zama a bayan ƙarfe.” Ya sa na kai kujerarsa ɗan zauren shiga, dab da ƙofar gaba. Madam Rut ta yi lallashi, ta yi faɗa. Ko gezau. Na taɓa toshe kafar wasiƙar da katako, ya ɓalle shi da cokali. Wai in ƙyale masa iskarsa. Tsoho mai taurin kai, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Sha biyu da rabi aka zuba miya. Na kai masa tasa a zaure. Ya ce, “Ƙanena, gishirin nan matarka ta yi rowa ko kwamiti ne bai zauna ba?” Na ce ya sha ya ba ni kwano. Na koma falo da faranti a hannu.

Na ji murfin kafar wasiƙa ya yi ƙwas. Na ɗauka mai kawo wasiƙa ne. Sai ƙarar ruwa a kan kafet, kamar wani na fitsari. Sai dariya a waje, ta samari. Sai warin fetur. Sai takun manyan takalma da gudu. Daga nan wani sauti, fuu, kamar an kaɗa babban bargo.

Madam Rut ta yi ihu, “Wuta! Kowa baya! Baya!”

Na yar da farantin na nufi zaure. Wuta ta kama kafet, ta hau labule, ta kama ƙafar wandon Yaya Haruna. Yana zaune. Bai yi ihu ba. Kwanon miya na hannunsa. Na damƙi wuyan kwat ɗinsa na fizgo shi, kujerar ta kife cikin wutar. Na janyo mayafin tebur na danne ƙafafunsa da hannuna. A lokacin ban ji zafi ba.

Hayaƙi ya cika falo. Baƙi, mai ɗaci. Fitilu suka mutu. Tsofaffi suna tari, suna karo da kujeru. Wata tsohuwa ta riƙe sandunan taga tana jijjigawa, tana kiran wani suna da harshensu. Tagar tana daidai ƙirjina, titi ga shi nan ana gani. Da babu ƙarfen nan da na miƙa su waje ɗaya bayan ɗaya kamar buhu.

Na goya Yaya Haruna. Ba shi da nauyi. Muka bi ta kicin zuwa ƙofar baya. Makullai na ɗamarata. Na kai hannu, yatsuna suka ƙi kamawa. Na duba, fatar ta saɓule.

“Asabe! Makulli!”

Ta tsinke su daga ɗamarar. Ta buɗe na sama. Na ƙasa ya cije. A bayanmu gilashi na fashewa, tas, tas. Madam Rut tana jan wani a keken guragu tana cewa, “Ku duƙa! Ku riƙe rigar na gaba!” Makullin ya juya. Ƙofar ta buɗe kamar tafin hannu ta tsaya. Manyan kwandunan sharar council, hukumar unguwa, ne a bayanta, an turo su nan da safe. Na sa kafaɗa da tsoho a bayana. Asabe ta sa tata. Muka tura har kwando ya kife.

Muka fito lungu. Ba gudu muka yi ba, wa zai yi gudu? Jan ƙafa muka yi, kowa riƙe da wani, har bakin kasuwa. Ana yayyafi. Wata 'yar Ghana mai sayar da doya ta kwance atamfofinta ta lulluɓe tsofaffin. Wani Bature mai kifi ya tsoma hannuwana cikin ƙanƙararsa. A nan na fara jin zafin. Na ɗaga kai na ga wuta na fitowa ta tagar ɗakinmu. 'Yan kwana-kwana sun iso wajen ƙarfe ɗaya. Sai da suka tsaya yanka sandunan kafin su sa ruwa ciki.

Motar asibiti ta kai mu wani asibiti a Camberwell. Aka naɗe mini hannu aka sallame ni da yamma. Yaya Haruna shi aka riƙe shi. Ba ƙunar ce matsalar ba, in ji likita, hayaƙin ne.

Ba mu da wurin zuwa. Muka tafi Deptford, gidan Alhaji Sani, mutumin Kumasi. Ya ba mu falonsa, Allah ya saka masa. Amma ko zama ban gama yi ba ya ce, “Musa, kai ma. Mene ya kai ka aikin Yahudu?” Na ce masa wanda ya zubo fetur ɗin nan, in ya samu kafar wasiƙar masallacinku, ba zai tsaya tambayar addini ba. Daga baya council ta jefa mu wani ɗaki guda mai warin giya, banɗaki na kowa da kowa. 'Yan sanda sun zo sun yi tambayoyi sun tafi. Ba a kama kowa ba.

Kwamitin da ya kasa zama, cikin satin nan ya zauna. Suka zo da manyan kwat suka tsaya gaban toka suna girgiza kai. Kuɗi ya fito, mai yawa. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun biya mana haya na ɗan lokaci, sun saya wa Asabe sutura, Madam Rut ce ta tsaya a kan haka. Amma suka ce unguwar ba tsaro, tsofaffin ma sun yi kaɗan. Za a gina sabon wuri a arewacin gari, da kyamara, da masu gadi na kamfani masu yunifom. Tsohuwar da ke tafiya da sanda za ta hau bas ta sauka ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa don kwanon miya? Ba wanda ya tambaye ta.

Na je duba Yaya Haruna. An sa masa robar numfashi. Ya janye ta ya ce, “Ƙanena, buɗe taga.” Na gwada da gwiwar hannu. Tagar asibiti ba ta buɗewa sai ɗan kaɗan. Na tura gadonsa kusa da wurin. Nas ta zo ta yi faɗa ta mayar. Da na koma ranar Juma'a gadon ba kowa, an canza zani.

Mun rasa kwanukan auren Asabe da ta zo da su daga Gusau. Hoton mahaifina, shi kaɗai ne dama. Yatsuna biyu na dama ba sa lanƙwasawa, tuƙi ya ƙare. Tsofaffin nan ban sake ganinsu wuri ɗaya ba, wasu sai labarin mutuwarsu. Yaya Haruna ma mun rasa shi.

Ina cikin tonon toka a flat ɗin, ko zan samu wani abu, sai wata motar kaya ta tsaya. Na sauko. Direban ya fito da kwali, ya dubi katakon da aka rufe bakin gidan da shi, ya dube ni. Akwatin ƙarfen ne. Kwamiti ya amince. Na karɓa, don ba kowa a wurin sai ni, kuma ba ƙofar da za a maƙala shi.

Yana ƙarƙashin gadona. Sabo fil. Ko wasiƙa ɗaya bai taɓa karɓa ba.