Maman Pasto Biyu

Ni na haɗa wa zumuntar mata ta cocinmu a Kafanchan manhajar ziyarar marasa lafiya, kuma har yau ina alfahari da ita. Ban san rubuta lambobin kwamfuta ba, malamar firamare ce ni. Irin dandalin nan na samu da ake jan akwati a ajiye, sai manhaja ta fito. Ka zaɓi sunan mara lafiya, fomula ta shiga tebur ta ɗauko maka unguwa da kwatancen gida.

Wata Lahadi bayan sujada shugabar zumunta ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malama, wannan abin naki ya lalace fa. An ce Maman Pasto ba lafiya, mun je, mun samu Maman yana surfen acca. Mun yi addu'a, ya karɓi lemu, ya ce mun gode."

Na ce manhajata ba ta ƙarya. Duk da haka na zauna a kan benci na buɗe. Na duba baƙaƙen fomular, daidai suke. Na duba ko wani ya bar fili a ƙarshen suna, babu. Na ɗora laifin a kan netwok, shi ma ya wanke kansa. Sai na bi tebur ɗin layi-layi, na ga Maman Pasto a sama, na sake ganin Maman Pasto can ƙasa. Ta sama matar pastonmu ce, mai surfe. Ta ƙasa tsohuwa ce da ta haifi wani pasto, ta koma wurin 'yarta a Kwoi. Ita fomula layin farko da ya dace take ɗaukowa ta yi shiru. A wurinmu kuwa wa zai rubuta sunan yanka na babbar mace? Rashin kunya ne.

Gyaran bai ci mini rai ba. Na ba kowace mace lambarta, na sa fomula ta bi lamba. Abin da ya dame ni tsohuwar ce, tana kwance tana jiran mutanen da ta yi shekaru tana waƙa tare da su.

Washegari ni da matan zumunta muka hau mashin daga tashar Kwoi, ƙamshin citta da aka shanya yana bin mu har ƙofar gida. Tsohuwar ta rame sosai.

"Na ɗauka zumunta ya manta da ni," in ji ta.

Na durƙusa na ce, "Mama, ki gafarce ni, ina son sunanki na yanka, don kada a sake haɗa ki da wata."

Ta yi dariya, ta faɗa mini a hankali. Na maimaita don in rubuta daidai. Sai ta riƙe hannuna.

"Sake faɗa, 'yata. Tun da Baba maigidana ya rasu ba wanda ya kira ni da shi."