Ɗigon Da Na Ɗauka Tawada Ce

Ni malamin allo ne a Gummi, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina rubuta Alƙur'ani da ka, na kai izu na arba'in. Ina da ciwon suga, amma ina da taurin kai da ya fi ciwon. Wata rana ina sa wasali da jar tawada, sai na ga baƙaƙen ɗigo suna yawo a kan takarda. Na hure, na goge da hannun riga, suna nan. Ashe a cikin idona suke. Na duba madubi, ido fari tas, ba zafi ba ƙaiƙayi, sai na ƙara tozali na ci gaba da aiki. Na ɓoye wa kowa, don ina jin kunyar a ce malamin da ke yi wa mutane addu'a shi ne a layin asibiti.

Da wasali ya fara kuɓuce mini, na yanke wa kaina hukunci cewa yanar ido ce. Har na yi magana da wani mai cire yana da allura da ke zuwa ranar kasuwa, muka sa rana. Uwargida ce ta ji labari, ta tona ni ga 'yata da ke aure a Sakkwato. Yarinyar nan ta zo da kuka, ta rantse ba za ta koma ɗakinta ba sai da ni. Na yi faɗa, na bi ta.

A asibitin ido suka ɗiga mini magani, na ɗora haɓa a kan wata na'ura, aka ɗauki hoton can bayan idon. Likita ya nuna mini wasu siraran jijiyoyi da suka tsiro kamar saiwar ciyawa. Ya ce suga ne ya toshe na asali, ido ya fitar da sababbi marasa ƙwari, su ne ke yoyon jinin da nake gani kamar baƙaƙen ɗigo. Babu yana ko kaɗan, kuma da allurar kasuwa ta shiga, da shi ke nan. Sau uku na koma ana ƙona sababbin jijiyoyin da hasken na'urar leza. Idon hagu bai dawo duka ba, amma da na dama na kammala izu sittin, na yi kukan murna ranar.

Na gane cewa addu'a ba ta hana zuwa asibiti, girman kaina ne ya hana ni. 'Yan'uwa masu ciwon suga, ku je a ɗauki hoton idonku tun kuna gani garau. Wannan ciwon ba ya zafi, madubi kuma ba ya nuna shi.