Usur da Buhun Taki

Ni ne sakaran da ya yi shekaru yana gadin ƙofar coci da na'urar da ba batir a cikinta. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. In ka taɓa zuwa sujada a cocinmu a Lafia a waɗancan shekarun, ka ji wata baƙar sanda ta yi "ƙiii" a kan aljihunka, to ba sandar ba ce. Bakina ne.

Ga yadda aka yi. Lokacin da rediyo ya riƙa kawo mana labarin tashin bom a majami'u can arewa da mu, dattawan ikkilisiya suka zauna suka ce dole a sa mutum a get. Sai aka duba wanda ba za a yi rashinsa a ciki ba. Ba ni da muryar waƙa. Karatuna a aji uku ya tsaya, in aka ba ni aya in karanta sai an yi ta tura ni kamar motar da ta mutu. Kuma kowa ya san da Fasto ya buɗe baki nake rufe ido. Aka ce ai tsohon nan mai facin taya ya dace. Aka ba ni sandar da ake gogawa a jikin mutum don gano ƙarfe, aka rataya mini usur a wuya. Doka ɗaya ce: in na ga abin da ban yarda da shi ba, in busa. Matasa suna zaune bayan coci da gorori, su za su zo su yi sauran.

Batirin bai ga ƙarshen daminar farko ba. Na gaya wa sakatare, ya ce sai kwamiti ya zauna. Kwamiti bai zauna ba, ni kuma ban sake tambaya ba, don na gano ƙarar da nake yi da baki ta fi daɗi, tunda ni nake zaɓen wanda za ta kama. Matan abokaina sun sha wuya a hannuna.

"Mama, tsaya. Akwai ƙarfe a jikinki."

"Ƙarfen yana cikin kanka, tsohon banza. Matsa in wuce."

Amma akwai waɗanda sandar ba ta taɓa kusantar su ba. In mota mai baƙin gilashi ta tsaya ta yi hon, da gudu nake buɗe get, in ƙame, in sara, in karɓi jakar oga in kai masa har bencin gaba ƙarƙashin fanka. Ban taɓa cewa a buɗe but ɗin motar ba. Mai silifas kuwa sai ya juye aljihu. Ba wai na zauna na tsara haka ba ne. Hannuna ne ya koyi aikin da kansa.

Wata Lahadi a tsakiyar damina, ruwa ya mai da jar ƙasar unguwa taɓo. An riga an shiga, 'yan ƙungiyar zumuntar mata suna kan waƙa, kiɗan tulu da kacau-kacau yana tashi. Ina zaune ina cin gyaɗa a ɓoye, sai na hango mutum yana tahowa ta wajen hanyar Obi. Dogo ne, ramamme, da tsohon kwat a jikinsa duk da zafin da ake yi, taɓo har gwiwa. Yana ɗauke da buhun taki. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne yadda ya riƙe shi. Manomi a ka yake ɗora buhu, ko a kafaɗa. Wannan ya rungume shi a ƙirji da hannu biyu. Kuma daga bakin buhun, inda aka ɗaure, wata siririyar waya ta leƙo.

Na ce, "Sannu da zuwa." Idonsa ja wur, kuma ba ni yake kallo ba, ƙofar coci yake kallo.

Na goga masa sandar. Shiru, mana. Ranar ce kaɗai na yi wa kwamiti addu'ar da ba ta dace da Lahadi ba. Da sandar ta taɓa buhun sai na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe a ciki.

"Malam, buɗe mu gani."

Ya ƙara matse shi. "A'a. Ba buɗe." Hausarsa guntu-guntu ce, ta fi tawa ramewa. Ya gewaye ni ya nufi ƙofa.

Ban san lokacin da usur ya shiga bakina ba. Matata tana ciki, a sahun gaba na zumunta. Jikokina suna ajin yara, bango ɗaya ne tsakani. In wannan mutumin ya kai tsakiyar mutane da abin da nake zato, ba wanda za a gane fuskarsa. Amma na san matasanmu. Shugabansu mai walda ne, ƙato, an kashe masa wa a gona bai daɗe ba, kuma tun daga lokacin ba ya dariya. In na busa, ba za a tsaya tambaya ba. Na taɓa gani a kasuwa, wani ya yi ihun ɓarawo sau ɗaya tak, abin da aka bari a ƙasa ba na son in kwatanta. Daga baya aka ce wanda aka kama ɗin ba ma shi ne ɓarawon ba.

Zan so in ce bangaskiya ce ta hana ni busawa. Ƙarya ne. Bakina ne ya bushe, numfashi ya ƙi fita. Abin da na iya kawai, na ruga na kama hannun kwat ɗinsa na ce, "Ciki ya cika, ba wurin zama. Zo nan." Ga benci biyu na baya ba kowa, ana hango su daga ƙofa. Ya kalle su, ya kalle ni. Sannan ya biyo ni, kamar wanda ya saba a ce masa ba wuri.

Na kai shi can ƙarshen fili, ƙarƙashin mangwaro kusa da janareta, inda muke da wani karyayyen benci. Dabarata in zaunar da shi in sulale. Da na zauna don ya zauna, gwiwoyina suka ce sun tashi daga aiki. Ga ni, ga shi, ga buhu a cinyarsa, wayar nan tana kusan taɓa hannuna. Gumi yana bin bayana har cikin wando. Na fara roƙon gafara, na taso daga kajin maƙwabta da na sata ina yaro, ban kai rabi ba na rikice.

Akwai lasifika a jikin bango don masu zama waje. Shekara da shekaru ina coci, ban taɓa jin wa'azi daga farko har ƙarshe ba sai ranar, don mai jiran mutuwa ba ya gyangyaɗi. Fasto yana cewa, "Mutum biyu sun shigo nan. Ɗaya ya fito daga mota yana ƙamshin turare, ɗaya ya zo a ƙasa yana warin gona. Wa kuke tashi ku ba kujera? Ku faɗa mini gaskiya!" Na ji ana dariya a ciki. Ya ce, "Kuna dariya. Allah da ya yi su bai yi ɗaya da hannun dama ɗaya da hagu ba." Can kuma ya ce bangaskiyar da ba ta da hannu da ƙafa gawa ce, binne ta ne kawai ba a yi ba. Na ce a raina, Fasto, kai kana ƙarƙashin fanka. Zo ka faɗi wannan a nan kusa da waya.

Sai ga hon a get. Wani babban mutum ne da ya saba makara. Jikina ya zabura da kansa zai je ya sara, amma na kasa barin mutumin. Aka yi hon, aka ƙara. Mai walda ya zagayo ya buɗe, motar ta shige ba wanda ya leƙa ta. Da ya juyo sai ya gan mu. Ya tsaya. Ya ɗaga hannu, wasu biyu suka taso da gorori.

"Baba, wane ne wannan?"

Baƙon ya sunkuyar da kai.

"Baba, da kai nake. Me ke cikin buhun nan? Wayar mece ce wannan?"

Suka kewaye mu. Ɗaya ya riga ya gyara riƙon gorarsa. Ba sai na busa komai ba yanzu, in na ce "ban sani ba" ya isa. Kuma gaskiyar ke nan, ban sani ba. Na kalli wuyan mutumin, wata jijiya tana bugawa a ciki da sauri, daidai da tawa.

Na ji bakina ya ce, "Baƙona ne."

"Baƙonka? Daga ina?"

"Daga gida. Kai, tun yaushe ka fara ƙirga mini dangi? Na riga na duba shi." Na ɗauki sandar na goga a buhun sama da ƙasa, na kulle leɓena gam. "Ka ji wani abu?"

Bai ji ba. Wannan ita ce ƙarya mafi girma da na yi a harabar coci, kuma sandar ce ta yi mini shaida. Mai walda ya daɗe yana kallona. Ya ce, "In wani abu ya faru, Baba, a wuyanka." Suka koma, amma ba su yi nisa ba.

A wuyana. Na zauna da wannan maganar. In na yi kuskure, na kashe matata da jikokina da bakina. Ina cikin haka sai mutumin ya fara kwance igiyar buhun. Na rufe ido na kira sunan Yesu da muryar da ban san ina da ita ba, irin ta ɗan akuya. Na jira.

Ba abin da ya tashi. Na buɗe ido ɗaya.

Tukunya ce ƙarama, da bakin garma ba ƙota, da rediyo da aka ƙara wa waya don ya kama tasha. Ƙarƙashinsu kayan mace ne a ninke. Ya zaro zane ɗaya ya shimfiɗa a gwiwarsa. Zanen zumuntar mata ne, irin wanda matata take ɗaure da shi a ciki a wannan lokacin.

Da guntayen Hausarsa da hannu ya ba ni labari. An ƙone ƙauyensu can gaba da Obi. Shi ya yi gabas, matarsa ta yi yamma. Da ya koma, abin da wuta ta bari ke nan. A hanya an tare shi a wani shinge, aka zazzage buhun a taɓo, samari suna ɗaga ƙananan tufafin matarsa na ciki da sanda suna dariya. Shi ya sa ya ce ba mai sake buɗewa. Kowace Lahadi yana shiga coci ɗaya ya duba fuskar matan zumunta, don ya san in tana da rai ba za ta zauna a gida ranar Lahadi ba.

Ya nuna ƙofa ya ce, "Za su tashi. Ban gani ba."

Gaskiya ne, an fara waƙar rufewa. Ni na zaunar da shi kusa da janareta har sujada ta kusa ƙarewa.

Na ɗaure buhun na ɗora a kaina. Na ja shi muka shiga ta tsakiya. Mutane suna juyowa, wata ta ja ɗanta jikinta, wani dattijo ya miƙe. Ban tsaya ba sai gaba, inda nake kai jakar oga. Mutumin ya bi sahun matan da ido, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya sake bi. Ba ta ciki.

A waje na miƙa masa buhunsa, na gyara murya na ce, "To, Allah ya haɗa ku. Allah ya rufa asiri. Sauka lafiya." Har na ji daɗin yadda maganar ta fito, kamar ta dattijon ikkilisiya.

Ashe matata tana bayana. "Sauka ina? A gidan wa?"

"Ai na yi masa addu'a."

"Addu'ar ce zai ci da rana? An ce mini ka ce baƙonka ne, tsoho. To ɗauki kayan baƙonka mu tafi, tuwo yana hucewa."

Haka ya zauna a ɗan ɗakin da ke bayan rumfar facina. Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko ina leƙa buhun in ya fita, ko akwai abin da ban gani ba. Matata kuwa ta karɓi zanen ta kai taron zumunta, daga nan maganar ta bi bakin mata daga coci zuwa coci, abin da kwamiti ba zai yi a shekara ba. Kafin a fara cin sabuwar doya aka aiko cewa akwai wata mace a makarantar firamaren da aka tara 'yan gudun hijira wajen Assakio, tana tambayar dogon mutum mai tsohon kwat.

Ranar da zai tafi na raka shi tasha, buhun a kaina. Mai walda ma ya zo, ya sa wa garmar sabuwar ƙota, ya miƙa masa. Ina ta zuba surutu, ina ba direba labarin yadda ni kaɗai na tare ƙarti uku da gorori. Mutumin yana jina. Da ya shiga mota ya zauna, sai ya leƙo ta taga ya taɓa igiyar da ke wuyana, don har tasha da usur ɗina na je.

Ya ce, "Baba, ranar nan na gan shi a bakinka. Na san aikinsa. Da ka busa, ba zan gudu ba. Na gaji da gudu."