Gwiwar da Ta Ƙi Durƙusawa a Maiyama

Aliero

Ana sallame sallar asuba na turo keken waje. Matata Hauwa ta haihu a gidansu a Maiyama, ɗan fari, kunya kuwa ta hana ni cewa jariri zan je gani. Sai na ce wa maƙwabta motsa jiki na fita. Motsa jiki da sabuwar shadda a jaka!

Keken na tsere ne, ɗan gwanjo, ya zo da takalminsa mai ƙarfe a ƙarƙashi. Ƙarfen yana maƙalewa jikin feda, ba ya sakinka sai ka murɗa dunduniya. Da kaina na ɗaura ƙarafan, na saita su ɗoɗar kamar sahun sallah. Na ratsa gonakin albasa ina waƙa, iska na dukana, ji nake ba wanda ya kai ni.

Jega

A shingen shiga gari wani jami'i ya ɗaga mini hannu. Na taka birki, na manta da murɗa dunduniya, na tafi rim kamar buhun albasa, keken na manne da ni. Jami'in ya ɗaga ni yana tambaya, ni da keken wa ke tuƙa wani.

Ina cin waina kusa da kasuwa gwiwar hagu ta fara suka a ƙarƙashin ƙoƙo. Mai wainar ta ji daga inda nake, ta ce in koma, ai garinmu ne na masu ɗori. Na ƙi.

Bayan gada kowane taku sai na cije leɓe. Ba ciwon ya dame ni ba, gaisuwa ce. Suruki ba a gaishe shi a tsaye, balle surukina Baba Alhaji, da har yau ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Maiyama

Da hantsi na iso, na sa shaddata a bayan masallaci. Baba na zaure da abokansa. Na tuɓe takalmi, na tafi zan durƙusa, gwiwa ta tsaya a rabi ta ce ba ta san zancen ba. Na yi lilo, na yi lilo, na zube dirshan, ƙafata miƙe tana nuna Baba. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Baba ya sa aka miƙo masa takalmin, ya juya shi.

"Tun kana zaryar neman aure nika ganin sawunka bakin zauren ga," in ji shi. "Ƙafarka ta hagu waje taka kallo, kamar ta agwagwa. Ka ɗaure ta miƙe, ina gwiwa za ta yarda?"

Zaure ya ɗauki dariya, har da ni. Surukata ta aiko da ruwan zafi daga tukunyar wankan jego aka gasa mini gwiwa, Hauwa kuma ta aiko a tambaye ni, cikinmu wa ya haihu.

Da la'asar gwaggon Hauwa ta fito da yaron, ta yaye zane. Ga 'yar ƙafar hagu ta karkata waje.

"Wanga kam ba a tambayar ɗan wane ne," ta ce.

Nan kunyar ɗan fari ta gudu. Na karɓe shi, na riƙe ƙafar nan, na kasa saki.

Komawa

Sai da gwiwa ta huce na sassauta kusoshin takalmin, na juya ƙarfen ya bi yadda Allah ya yi ƙafata. Da zan tafi na durƙusa gaban Baba har ƙasa, na daɗe ban tashi ba, har ya ce in tashi haka nan, ya gani.

Na wuce Jega jami'in na ɗago mini hannu, na iso Aliero kafin azahar, gwiwa lafiya lau. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa mutanen Maiyama da alheri, ya raya mini mai ƙafar agwagwa.